Zane da Zube: Wanne Ya Fi Ɗaukar Labari?

Littafin labarin zane shi ne littafin da ake ba da dogon labari a cikinsa ta hanyar jera zane-zane ɗaya bayan ɗaya, da 'yan kalmomi kaɗan, wani lokaci ma babu ko ɗaya. Ana raba shafi gida-gida, kowane gida da abin da ya ƙunsa, maganar mutanen labarin kuma a sa ta cikin wata 'yar kumfa da ke tashi daga bakinsu. Tsakanin gida da gida akwai siririn farin fili, kamar lungu tsakanin katangu biyu. A Turai an fi danganta ƙago wannan tsari ga Rodolphe Töpffer, wani malamin makaranta a birnin Janeba, wanda ya fara buga labaransa a shekarun 1830. Sunan da ake kiran irin littafin da shi yau a Turance, mai nufin ƙagaggen labari na zane, ya bazu ne bayan 1978, shekarar da Will Eisner ya fitar da A Contract with God, labaran talakawan wata unguwa a birnin New York.

Tun daga nan ake jayayya kan ko irin wannan littafi zai iya fin na zube, wato wanda aka rubuta da kalmomi zalla. Jayayyar ta fi littattafan tsufa nesa ba kusa ba, domin gindinta shi ne tambayar ko gaskiya ta fi shiga zuciyar mutum ta hanyar abin da ya gani ko ta hanyar abin da aka faɗa masa. Bahaushe ya ce gani ya kori ji. Masana kuwa, a mafi yawan al'ummu, kalma suka ɗora a sama.

Aflaton, masanin falsafar Girka, yana cikin na farko da suka ƙasƙantar da zane. A kashi na goma na littafinsa na Jamhuriya ya kawo misalin gado. A ganinsa akwai ainihin siffar gado wadda ba ta canzawa, sai gadon da kafinta ya yi yana kwaikwayon wannan siffa, sai kuma gadon da mai zane ya zana yana kwaikwayon na kafinta. Aikin mai zane ke nan kwaikwayon kwaikwayo ne, kuma daga gefe guda kawai ya kama abin. Abin da masu kafa hujja da Aflaton kan manta shi ne, a wani littafin nasa, Phaedrus, ya juya wannan zargi kan rubutu kansa. Ya ce rubutu kamar zane yake: yana tsaye kamar mai rai, amma in an tambaye shi ba ya amsawa, sai ya ci gaba da maimaita abin da ya faɗa. A wurinsa duka biyun inuwa ce, abin da ya fifita shi ne zance baki da baki tsakanin malami da ɗalibi.

Wajen shekara ta 600 Fafaroma Gregory na Farko ya rubuta wa wani bishof na Marsai, wanda ya farfasa hotunan majami'u, yana ce masa zane ga jahili tamkar rubutu ne ga mai karatu. Kāre zane ya yi niyyar yi, amma kariyar ta zama tabo, don ta mayar da hoto abincin wanda bai iya karatu ba. Wannan tabo ya bi labarin zane har ƙarni na ashirin. A 1954 wani likitan ƙwaƙwalwa a Amurka, Fredric Wertham, ya buga littafin da ya zargi mujallun zane da lalata tarbiyyar yara. Wani kwamitin majalisar dattawan ƙasar ya zauna kan batun a shekarar, masu buga mujallun kuma suka kafa wa kansu hukumar tacewa wadda ta hana kusan duk wani zance mai nauyi. Aka ɗaure wannan fasaha a turken yara shekaru da dama, sannan aka dawo ana yi mata gorin ba ta girma ba.

A Musulunci tambayar ta ɗauki wata fuska, ta halas da haram. Hadisai ingantattu a Bukhari da Muslim sun yi kashedi mai tsanani ga masu yin siffar abu mai rai, har an ambaci cewa za a umarce su ranar ƙiyama su hura rai a abin da suka siffanta. Malamai sun saɓa kan iyakar wannan hani. Imamu Nawawi, a mazhabar Shafi'iyya, ya haɗa siffa mai inuwa da marar inuwa duka cikin haramci. Malaman Malikiyya, mazhabar da ta fi rinjaye a ƙasar Hausa, sun taƙaita haramcin ga siffa mai jiki da inuwa wadda gaɓoɓinta suka cika, zanen da ke shimfiɗe a takarda ko bango kuwa suka sa shi a matsayin makaruhi ko ƙasa da haka. A aikace, duniyar Musulmi ta daɗe da littattafai masu zane. Kwafin Maƙamatul Hariri da Al-Wasiɗi ya ƙawata a 1237 yana nan har yau, da raƙumansa da alƙalansa da masu wa'azinsa. Sai dai hukuncin halaccin abu daban yake da hukuncin ingancinsa. Wanda ya riƙi ra'ayin haramci ya rufe ƙofar tun daga waje, wanda bai riƙe shi ba kuwa tambayar tana nan tana jiransa.

Kalmar fifiko ita ce ke buƙatar warwara. Ba a cewa garma ta fi lauje sai an faɗi aikin da za a yi. Wanda ya shahara da auna hoto da kalma bisa aikin kowannensu shi ne Bajamushen nan Gotthold Lessing, a littafinsa Laokoon na 1766. Ya ɗauki wani tsohon sassaƙe da aka tono a Rum a 1506, na wani limamin birnin Troy da macizai suka nannaɗe shi da 'ya'yansa biyu, ya gwada shi da yadda mawaƙi Virgil ya ba da labarin. A waƙar, limamin kururuwa yake yi. A sassaƙen, bakinsa a ɗan buɗe yake kawai, kamar mai nishi. Lessing ya ce dalili shi ne kowace fasaha da gonarta. Hoto yana aiki da wuri, abubuwa na zaune gefe da gefe a lokaci guda, don haka dole mai shi ya zaɓi ƙiftawar ido ɗaya tak wadda za ta nuna abin da ya wuce da abin da ke tafe. Kalma kuwa tana aiki da lokaci, ɗaya na bin ɗaya, don haka ita ta dace da ba da labarin aiki. Kowacce ta shiga gonar 'yar'uwarta sai ta yi rauni.

Labarin zane ya ƙi zama a ɗayan gonakin biyu. Yana ɗaukar lokaci ya shimfiɗa shi a kan wuri: abin da ya faru da safe yana saman shafi, na yamma yana ƙasa, ido kuma na ganin su duka kafin ya fara karantawa. Scott McCloud, a littafinsa Understanding Comics na 1993, wanda shi ma da zane aka yi shi, ya nuna cewa ainihin aikin yana faruwa ne a wannan farin lungu da ke tsakanin gidaje. A ce gida na farko ya nuna yarinya ta ɗora tulu a ka a bakin rijiya, na biyu ya nuna katangar tulu a warwatse da jiƙaƙƙiyar ƙasa. Babu inda aka zana faɗuwar tulun. Mai karatu ne ya kayar da shi a zuciyarsa, shi ya zaɓi ko tuntuɓe ta yi ko wani ya bangaje ta. Wannan ya rushe zargin da aka fi yi wa labarin zane, cewa yana tauna wa mai karatu komai ya ba shi a baki. Kowane irin littafi yana barin giɓi. Zube yana ba da abin da ke zuciyar mutum da jerin abin da ya faru, ya bar wa mai karatu ƙera fuska da ɗaki da hanya. Zane yana ba da fuskar da ɗakin, ya bar wa mai karatu motsi da murya da abin da ke ɓoye a zuci.

Littafin da ya fi kowanne tilasta wa masana sake shawara shi ne Maus na Art Spiegelman, wanda ya fito kashi biyu, a 1986 da 1991. Labarin mahaifinsa ne, Vladek, Bayahuden Polan da ya tsira daga sansanin Auschwitz, kamar yadda tsohon ya riƙa ba ɗansa a gidansa a New York, ɗan kuma yana ɗauka a rikoda. Spiegelman ya zana Yahudawa da kan ɓera, Jamusawa da kan kyanwa, mutanen Polan da kan alade. Ba da labarin mutane da bakin dabbobi ba baƙon abu ba ne ga wanda ya tashi da tatsuniyar Gizo da Kura, sai dai a tatsuniya dabbar tana tsayawa ne a madadin hali, kura kwaɗayi, gizo wayo. A Maus dabbar tana tsayawa a madadin ƙabila, kuma da gangan aka yi. Farfagandar 'yan Nazi ce ta kamanta Yahudawa da ɓeraye, har a wani fim na 1940. Spiegelman ya karɓi ƙaryar ya zana ta a fili, sannan ya bar ta tana tsagewa da kanta shafi bayan shafi. Idan Vladek da matarsa Anja suna ɓad da kama a titi, sai a ga ɓeraye sanye da fuskar alade ta bogi, igiyar da aka ɗaure ta da ita tana bayyane a ƙeya. Farkon kashi na biyu marubucin ya zauna yana rasa dabbar da zai zana matarsa da ita, don Bafaranshiya ce da ta shiga addinin Yahudu. Can gaba kuma ya zana kansa mutum sosai, sanye da fuskar ɓera, yana zaune a teburin aikinsa bisa tarin gawarwaki, 'yan jarida na damunsa da tambayoyi kan nasarar littafin.

Marubucin zube zai iya yin bayanin cewa rarraba mutane ƙabila-ƙabila abin rufe fuska ne. Zai faɗa sau ɗaya ko biyu, in ya ƙara ya gundiri mai karatu. Zane yana faɗar haka a kowane gida ba tare da ya buɗe baki ba, har mai karatu ya saba da ɓerayen ya manta ɓeraye ne, sai kwatsam ya ci karo da ainihin hoton Vladek da aka ɗauka da kyamara bayan yaƙi, fuskar mutum da idanun mutum. Akwai kuma wani gida da ya nuna iyalin cikin mota suna bi ta dajin Amurka, tsohon na ba da labarin 'yan matan da aka rataye a Auschwitz saboda sun sato albarushi, ga ƙafafun 'yan matan nan na reto daga itatuwan bakin hanyar da motar ke wucewa. Shekarun yaƙi da shekarun tsufan Vladek sun haɗu a wuri ɗaya. Jimla dole ta sa ɗaya a gaba, ɗaya a baya. Wanda ya tsira daga irin wannan bala'i kuwa ba haka yake rayuwa da shi ba, jiya tana zaune tare da shi a cikin motar. A nan zane ya fi zube kusa da gaskiyar abin. Ba a rasa masu suka ba: mutanen Polan da yawa sun ji zafin alade, kuma suna da hujja, domin makamin da aka ɗauko don ya fallasa wariya yana iya yankar wanda bai ji ba bai gani ba.

Fage na biyu da zane ke da ƙarfi shi ne shaida. Joe Sacco ya yi wata biyu a Gaɓar Yamma da Zirin Gaza a ƙarshen 1991 da farkon 1992, ya fitar da Palestine. Shafukansa na sansanin Jabaliya cike suke da taɓo da kwano da yara da jakuna, abubuwan da ɗan jarida mai rubutu zai taƙaita a kalma ɗaya ya wuce. Mai zane ba shi da wannan mafita. In zai zana titi sai ya san irin takalmin da ake sawa da yadda ruwa ke kwanciya a bakin ƙofa. Sacco kuma yana sa kansa cikin zanen, da tabarau da ba a ganin idanunsa ta ciki, don mai karatu ya tuna cewa ta hannun wani mutum yake kallo. Hoton kyamara yakan yi da'awar shi ne gaskiya tsirara, zanen hannu kuwa kowane layi nasa yana shaida cewa wani ne ya gani ya zaɓa. Keiji Nakazawa, wanda yake ɗan shekara shida lokacin da aka jefa bam a Hiroshima, ya fara fitar da Barefoot Gen a 1973 da irin wannan niyya. Marjane Satrapi ta zana ƙuruciyarta a Iran lokacin juyin juya halin 1979 da baƙi da fari kawai, kamar yadda yarinya ke raba duniya. Shaun Tan ya wuce su duka a The Arrival na 2006, labarin ɗan gudun hijira wanda babu kalma ɗaya da ake iya karantawa a cikinsa, don mai karatu ya ɗanɗani baƙuncin wanda ya sauka a garin da ba ya jin yarensa.

Iyakar zane ita ma a bayyane take. Akwai ƙananan kalmomi da ba su da siffa: ba, da a ce, wataƙila, domin, duk da haka. Ana iya zana mutum zaune a zaure. Ba a iya zana cewa da ya san baƙo na tafe da bai zauna ba. Korewa da sharaɗi da shakka da dalili su ne kayan aikin tunani, kuma dukkansu na kalma ne. Littafin da Imamu Gazali ya ba da labarin shakkarsa da yadda ya fita daga cikinta, in aka zana shi, abin da zai rage shi ne hoton wani malami ya yi tagumi. Haka wani ɗalibi a littafin Dostoyevsky na 1866, wanda ya kashe tsohuwa mai ba da bashi: kisan shafuka kaɗan ne, sauran ɗaruruwan shafukan gardama ce da yake yi da zuciyarsa. Mai zane zai iya cika kumfa da wannan gardama, amma da zarar kumfar ta cinye gidan, littafin ya koma zube mai ado.

Akwai kuma abin da nuna shi ke rage masa ƙarfi. Lokacin da za a buga labarin Franz Kafka na mutumin da ya wayi gari ya rikiɗe ya zama ƙwaro, a 1915, Kafka ya rubuta wa mai bugawa yana roƙon kada a zana ƙwaron a bango, ko daga nesa. Ya san cewa ƙwaron da kowane mai karatu zai ƙera wa kansa ya fi wanda za a zana masa ban tsoro. Zane yana yanke hukunci kan fuska sau ɗaya, kowa ya karɓa. Zube yana barin kyakkyawar mace ta zama dubu a zukatan mutum dubu. Sannan zube yana da murya. Ana karanta shi a bainar jama'a, makaho ya saurara, wanda bai yi makaranta ba ya saurara, kamar yadda gidajen rediyo ke karanta littattafan Hausa mata na aikin gida suna bi. Labarin zane ba ya karantuwa da baki. Abin mamaki ke nan game da maganar Gregory: fasahar da aka ce ta jahilai ce ta fi buƙatar mutum ya riƙe littafin da hannunsa, ya koyi bin gidajen, ya karanta shi kaɗai.

Ana iya gwada ƙarfin kowanne ta hanyar juya littafi daga wannan siffa zuwa waccan. Jerin Classics Illustrated, da aka fara a Amurka a 1941, ya mayar da manyan littattafan zube zuwa mujallun zane, kuma mafi yawan abin da ya fito ƙashin labari ne babu tsoka, wane ya tafi, wane ya mutu. Amma lokacin da Paul Karasik da David Mazzucchelli suka juya City of Glass na Paul Auster a 1994, ba su bi jimlolin suna yi musu hoto ba. Sun nemo wa ruɗewar jarumin siffa ta kanta, gidajen shafin suna jere daram da farko, suna wargajewa yayin da hankalinsa ke kwancewa. Gwajin yana aiki ta ɗaya ɓangaren ma. Littafin zanen da za a cire zanensa a rubuta shi da kalmomi ba tare da an yi asarar komai ba, tun farko bai buƙaci zanen ba.

Lambobin yabo ana yawan kawo su a wannan gardama. Maus ya sami lambar Pulitzer ta musamman a 1992, mujallar Time ta sa Watchmen na Alan Moore da Dave Gibbons cikin ƙagaggun labarai ɗari da ta zaɓa a 2005, Sabrina na Nick Drnaso kuma ya shiga jerin farko na gasar Booker a 2018. Waɗannan sun nuna cewa masu tsaron ƙofar adabi sun sassauta, ba su nuna fifiko ba, tun da da mudun zube aka auna su. Haka nan ƙorafin cewa ana cinye littafin zane cikin awa biyu ba hujja ba ce. Gajeren baiti ma ana karanta shi cikin minti ɗaya a yi shekara ana juya shi, kuma Spiegelman shekara goma sha uku ya yi kan abin da ake karantawa a yini guda.

Amsar da hujjojin suka fi goyon baya ita ce, littafin zane yana iya fin na zube, amma a kan wani labari takamaimai, ba a dunƙule ba. Yana fin sa inda nauyin labarin ke kan abin da ido ya shaida, ko kan zamani biyu da suka cakuɗe a ran mutum ɗaya, ko kan shirun da kalma za ta ɓata. Yana gazawa inda nauyin ke kan hujja da waswasi da daɗin harshe. Primo Levi, Bayahuden Italiya masanin sinadarai, ya rubuta nasa labarin Auschwitz da zube a 1947. A ciki ya yi abin da Spiegelman ba zai iya ba: ya zauna yana feɗe yadda sansanin ke tuɓe wa mutum mutuntakarsa ɗaya bayan ɗaya, da yadda kalmomi irin su yunwa da sanyi suka gaza ɗaukar abin da fursunoni ke ji. Levi shi ya shiga sansanin da ƙafarsa. Spiegelman an haife shi ne bayan yaƙi, a bakin uba ya ji labarin, kuma dole ya zana wurin da bai taɓa gani ba yadda yake a lokacin. Wannan matsala ta ɗan da ya gaji azabar da ba tasa ba ita ce ainihin abin da littafinsa ya ƙunsa, shi ya sa ya riƙa tsayar da tsohon a tsakiyar zance yana yi masa tambayoyi, wata rana kuma tsohon ya karɓi littafin rubutun ya zana masa da hannunsa wata maɓoya da suka yi lokacin yaƙi.